Me ya sa mayafin da na saƙa ya fito kamar bargo?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara uku ke nan ina saƙar kibiya, hular jarirai da safa da rigar sanyi. Na ga hoton wani mayafi mai kusurwa uku a waya, shara-shara, bakinsa da ado kamar leshi, sai na ce bari in yi wa Innarmu irinsa saboda sanyin asuba. Na ɓata ulu ƙulli shida, abin ya fito da nauyi kamar bargo, gefensa yana naɗewa, zaren kuma ya ƙare ban kai ga adon bakin ba. Kibiyoyina miƙaƙƙu ne guda biyu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da mahaifiya. Kada ki ce ulun ya ɓaci, warware shi za ki yi ki mayar da shi rigar sanyin yara, domin tun farko aikinsa ke nan. Hannunki ma ba shi da laifi. Abin da ya faru shi ne kin ɗauko dokar rigar sanyi kin kai ta wurin da ba ta aiki. A rigar sanyi ana son saƙa ta matse don kada iska ta ratsa, shi ya sa ake daidaita kaurin zare da kaurin kibiya. Mayafin da kika gani kuwa da gangan ake saɓa musu: zare siriri, kibiya mai kauri. Rabin abin da kika gani a hoton nan iska ce.

Bari mu fara da zaren, don a nan aka fi yin asarar kuɗi. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne, akirilik ne, wato zaren roba. Tumakinmu, 'yankasa da uda da balami, ba sa yin irin gashin da ake kaɗawa a yi ulu, na gaske daga waje yake zuwa kuma ba kowane shago ne ke ajiye shi ba. In kina shakka, yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana a tsakar gida. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, irin na babbakar kan rago, kuma tokarsa tana murƙushewa a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Ki san wanne ne a hannunki tun kafin ki kafa ido ɗaya, wato madaukin zare a kan kibiya, domin yadda za ki gama aikin a ƙarshe ya rataya a kan wannan.

Zaren da ake so siriri ne wanda giram 100 nasa ke kai mita 400 ko fiye. Akwai wanda ya fi shi sirantaka, mai mita 800 a giram 100, amma ki bar shi sai karo na biyu ko na uku. Da yake ba kowane ƙulli ne ke zuwa da takarda a jikinsa ba, ki tafi kasuwa da biro da tef ɗin awo. Naɗa zaren a jikin biron, zagaye na bin zagaye, ba ja ba matsewa, ki ƙirga zagaye nawa ne suka cika inci ɗaya. In kin samu 14 zuwa 18, shi ne. Wanda kika yi amfani da shi ina kyautata zaton ba zai wuce 9 ko 10 ba.

A ina za ki same shi? A kasuwar mako irin ta Gujungu ranar Lahadi mai kaurin aka fi kawowa, don shi masu kayan jarirai ke nema. In kina da mai shiga Kano, ki ba shi ɗan guntun samfuri ya duba miki a Sabon Gari wajen masu kayan saƙa, kada ki aike shi da kwatancen baki, namiji ne, duk zare ɗaya ne a wurinsa. Hanya mafi sauƙi da nake nuna wa ɗalibaina ita ce ki nemi mai injin saƙa, irin masu yi wa 'yan makaranta rigar sanyi. Zarensu siriri ne, a babban naɗi yake zuwa, za ta iya warware miki gwargwadon buƙatarki. In ya cika sirantaka ki riɓanya shi biyu. Akwai kuma zaren auduga na kwarashi, wanda ni na fi so wa mutanenmu, domin sanyinmu bai fi na wata biyu zuwa uku ba, kuma auduga ba ta sa zufa in rana ta ɗaga. In har yanzu akwai tsohuwar da ke kaɗi da mazari a garinku, ki roƙe ta ta yi miki arafiya, ba abawa ba. Yana da 'yan ƙulle-ƙulle a jikinsa, amma a irin wannan saƙar kyau suke ƙarawa, kuma shi ne zai karɓi baba in kin kai shi marina. Roba ba ta shan baba ko za ta kwana bakwai a karofi. Wasu suna raba igiyoyin ulu mai kauri don su samu siriri. Na gwada, ban ji daɗinsa ba, yana tsinkewa kuma saƙar tana karkacewa gefe ɗaya.

Ga Inna kuma akwai abin lura. In har yanzu tana zama gaban murhu, ki zaɓi auduga a kan roba, ki kuma ce ta riƙa ajiye shi kafin ta hura wuta. Duka biyun suna kamawa, amma roba narkewa take ta manne a fata.

Kibiya kuma mai lamba 4, wato milimita 4, ko 4.5. Za ki ji kamar zaren yana iyo a kanta, saƙar ta yi sako-sako kamar ragar kamun kifi, ranki ya ce miki an yi kuskure. Ba a yi ba. Ki kafa ido 25, ki saƙa kamar faɗin tafin hannu, ki jiƙa shi, ki miƙe shi a kan matashi ya bushe, sannan ki ɗaga shi a bakin ƙofa. In kina hango hasken tsakar gida ta cikinsa, in kin sake shi kuma ya zubo kamar ƙyalle, kin dace. In ya tsaya ƙiƙam, ƙara girman kibiya.

Naɗewar gefe kuwa daga irin saƙar ne. Kin yi mai santsin nan ta jikin riga, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya. Ita dama ɗabi'arta ce ta naɗe, ko wa ya saƙa ta. Ki yi saƙar gaba zalla, tafiya da dawowa, wadda ke fitar da kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ba ta naɗewa, ba ta da ciki da baya, kuma tsayin kunya ɗaya kusan daidai yake da faɗin ido ɗaya, abin da ke sa lissafin kusurwa uku ya fita da kansa. Kada ki raina ta don ita ake fara koya wa yara. Matan tsibiran Shetlan da ke arewacin Sikotlan, waɗanda mayafinsu na ulu ke bi ta cikin zoben aure saboda sirantaka, a kanta suke gina yawancin adonsu. Haka ma matan Orenbag na Rasha masu saƙa da lallausan gashin akuya.

Yanzu ga yadda ake gina shi. Ana farawa ne daga tsakiyar wuya, ta bayan ƙeya, a gangaro ƙasa. Wannan yana ruɗa mai koyo, domin tana zaton dogon bakin sama shi ne farkon aiki, alhali gefunan layukanki ne za su miƙe su zama shi. Kafa ido 3, ki saƙa layi 6, za ki samu ɗan guntu kamar harshen takalmi. Kada ki juya. Tsinci ido 3 a gefensa, ɗaya daga kowace kunya, ki tsinci wasu 3 a gindinsa inda kika kafa. Kin samu 9. Uku na farko da uku na ƙarshe su ne bakin sama, na tsakiya cif shi ne gadon bayan mayafin, ki ɗaura ɗan zare mai wata kala a kibiya kafin shi da bayansa.

Daga nan layi biyu ne kawai za ki yi ta maimaitawa. A layin fuska ki saƙa 3, ki rataya zare a kan kibiya sau ɗaya ba tare da kin soka ko'ina ba, ki saƙa har alamar farko, ki rataya, ki saƙa na tsakiya, ki rataya, ki saƙa har ya rage 3, ki rataya, ki saƙa ukun. A layin dawowa ki saƙa kowa da kowa, har ratayen. Kowane rataye yana haifar da sabon ido ya bar ɗan rami a ƙarƙashinsa. Don haka ƙidayarki za ta riƙa tafiya 9, 13, 17, 21, huɗu-huɗu. Tunda fuska da baya iri ɗaya ne, ki maƙala fil a ɓangaren fuska, in ba haka ba yaro ya yi kuka ki tashi, ki dawo ba ki san a wane layi kike ba. Duk bayan kunya biyar ki ƙirga hagu da damar gadon baya, dole su zo daidai. In ɗaya ya gaza da guda, kin manta rataye ne. Ba sai kin warware ba in a layin da ya wuce ne, ɗago zaren da ke kwance tsakanin idanu biyun a wurin ki saƙa shi, ramin zai fito.

Leshi duk iyakarsa ke nan, ƙanwata. Rami ne da aka yi da gangan. In kin rataya ba ki rage ba, saƙa ta ƙara faɗi. In kin rataya kuma kin haɗe ido biyu kin saƙa su tare, faɗi yana nan yadda yake, ado ya fito. Duk furanni da ganyayen da kike gani a hotuna wannan ƙari da ragin ne aka jera iri-iri.

To, mu zo kan ƙarewar zare, wadda ita ce ta fi kama mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Ki ɗauka kina son mayafi mai zurfin santimita 70 daga wuya zuwa tsini. Faɗinsa daga hannu zuwa hannu zai kai ninki biyu, 140. Gefuna biyun da ke gangarowa zuwa tsini kowanne yana kusa da mita ɗaya. In gwajinki ya ba ki ido 20 a santimita 10, za ki ƙare da ido wajen 400 a kan kibiya. Ranar da kika kai ido 200, zuciyarki za ta ce miki kin yi rabi. Kashi ɗaya cikin huɗu kika yi. Layukan farko gajeru ne, kafin ruwan shayi ya tafasa kin yi goma, na ƙarshe kuwa guda ɗaya sai ya cinye miki kwata na awa. Ba za ki kai rabin aikin ba sai idanunki sun ɗan haura 280. Saboda haka in kin kai 200 kika ga kin cinye fiye da rubu'in zaren jiki, ki san ba zai kai ki ba, ko ki ƙaro tun yanzu ko ki rage girman. Don irin wannan girman ki tanadi mita 800, wato giram 200 na siririn da na kwatanta, kuma ki saye shi rana ɗaya a hannun mutum ɗaya. Kala ɗaya ce a baki, amma rinin wannan wata da na wata mai zuwa ba sa zama ɗaya, kuma a rana ake ganin bambancin. Tun kafin ki fara ki ware kashi ɗaya cikin biyar ki ƙulle a leda, ki sa a ƙasan akwati. Wannan na baki ne, ba a taɓa shi.

Ido 400 ba za su zauna a miƙaƙƙiyar kibiya ba. Ana buƙatar mai igiya, wato gajerun kibiyoyi biyu da aka haɗa da siririyar waya, tsawon santimita 80 ko 100. Ba zagaye za ki yi da ita ba, tafiya da dawowa ne kamar kullum, wayar tana ɗauke miki nauyi ne kawai. Kafin ki biya ki shafa mahaɗar da yatsa, in tana da kaifi ko tudu za ta riƙa kama siririn zare har ki tsani aikin.

In ba ta samu ba, kada ki zauna jira. Akwai hanyar da miƙaƙƙun naki za su isa, ita ce saƙawa daga wannan kunne zuwa wancan. Ki kafa ido 3 ko 4, ki riƙa ƙara ido ɗaya a gefe guda kawai, ɗaya gefen ki bar shi a miƙe, shi ne zai hau wuya. In kina ƙarawa duk bayan layi biyu, zai yi zurfi. In duk bayan layi huɗu ne, zai fito dogo marar zurfi, irin na yafawa a kafaɗa. Ki raba zarenki gida biyu daidai. Da rabin farko ya kusa ƙarewa kin iso tsini, sai ki koma ragewa a wannan gefen dai, a irin tazarar da kika ƙara. Idanun ba za su wuce kamar ɗari da arba'in ba, kuma siririn zare yana matsuwa a kibiya mai tsawo. Ta wannan hanyar zare ba ya ba ki kunya, sai dai ba za ki samu jerin ramukan gadon baya ba, wanda ni a wurina shi ne rabin kyawun abin.

Sai adon baki. Akwai mai kama da igiyar ruwa wanda ake maimaitawa a kan ido 18, akwai masu ganye, amma duk waɗannan suna son ki ƙirga ɗaruruwan idanu a layi ɗaya, kuskure guda a farko sai ya bi ki har ƙarshe. Wanda nake fara koyarwa shi ne haƙoran zarto, ana saƙa shi a gicciye, yana tafiya yana cinye idanun jikin mayafin ɗaya bayan ɗaya. Amfaninsa biyu ne. Idanun da kike lura da su ba sa wuce 9, kuma babu rufewa mai tauri a bakin, wanda shi ke sa mayafi ya tattare kamar bakin jaka.

A hanyar farko, wadda aka fara daga wuya, idan jiki ya kai yadda kike so, kada ki rufe. A ƙarshen layi ki kafa sababbin ido 5. Ki saƙa 4 daga cikinsu kina nufar jikin mayafin, na biyar ki haɗe shi da idon farko na jiki ki saƙa su tare, ki juya. Wannan shiri ne. Yanzu layin fita: ido na farko ki ɗauke shi zuwa ɗaya kibiyar ba saƙawa, ki saƙa 1, ki rataya, ki haɗe biyu, ki rataya, ki saƙa abin da ya rage. Sun zama 6. Layin shiga: ki saƙa duka, na ƙarshe ki haɗe shi da idon jiki na gaba. Ki sake fita kamar ɗazu, sun zama 7, ki shiga. Ki fita, 8, ki shiga. Ki fita, 9. A shiga ta huɗu sai ki rufe ido 4 na farko, ki saƙa 3, ki haɗe na ƙarshe da jiki. Kin koma 5, haƙori ɗaya ya fito. Layi takwas ke nan, ya ci idon jiki huɗu. Kin ga hikimar? Kin fara da 9 kina ƙara huɗu-huɗu, layin shiri ya ci ɗaya, abin da ya rage dole ya rabu huɗu-huɗu ba saura, ko a ina kika tsaya. In kin zo ƙarshe kika tarar da ragowar ɗaya ko biyu, ƙidaya ce ta kuɓuce a hanya, ki haɗe uku a maimakon biyu sau ɗaya ko biyu, babu mai gani.

Wuri ɗaya ne ke son dabara, shi ne tsini. In kin bi shi kamar sauran, adon zai ja, tsinin ya lanƙwashe ya zama kamar ludayi. Idan kin kusa gadon baya, saura kamar ido huɗu, ki riƙa haɗewa da jiki a shiga ɗaya, a ta gaba ki saƙa na ƙarshen kawai ki juya ba haɗewa. Ki yi haƙora huɗu a haka, biyu kafin tsini biyu bayansa, za su ci ido takwas a maimakon goma sha shida, adon ya samu sararin shan kwana. In kina son sanin ko zaren da kika ɓoye zai isa, ki saƙa haƙori ɗaya, ki warware, ki auna zaren da ya ci da tef, ki ninka sau ɗari da 'yan kai.

Kafin ki fara bakin ki ɗauki allura da zaren ɗinki mai ƙarfi na wata kala, ki bi ta cikin duk idanun da ke kan kibiya ki bar shi a ciki. In wani abu ya kwaɓe, ko ƙaramin yaro ya zare miki kibiya kina salla, warwarewar za ta tsaya a kan zaren nan. Minti goma ne, yana ceton aikin sati biyu. Kuma tunda da hunturu ake wannan aikin, ki riƙa shafa man kaɗe da dare, ki bari ya shiga. Faso da kaushin yatsa suna fizgar siririn zare, amma in kin shafa mai kika kama farin zare nan take, ƙura za ta bi man ta zauna.

Ranar da kika rufe ido biyar na ƙarshe, abin da zai faɗo cinyarki ba zai burge ki ba. Ƙanƙani, a yamutse, kamar tsumman goge tukunya. Na ga ɗalibar da ta fashe da kuka a daidai nan. Miƙewa ce ke buɗe shi. Ki jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan na kamar rabin awa, ki ɗauraye, ki naɗe shi a tsohon zani ki taka, kada ki murɗe. Ki shimfiɗa zani mai tsabta a kan katifa a cikin ɗaki, ba a rana ba. Ki zura igiya siririya ta ramukan bakin sama, ki ja ta ta miƙe sak ki kafe kunnuwan biyu, sannan ki ja tsini ki kafe, sannan haƙoran, ɗaya na dama ɗaya na hagu, kina auna su da tef don kada ɓangare ɗaya ya fi. Ki ja da ƙarfi fiye da yadda ranki ke so. Fil ɗari za ki buƙata, kuma mai arha yana tsatsa ya bar jan tabo a farin zare. Mu ƙayar aduwa muke sa yara su yanko, a goge ta, tana shiga katifa lafiya kuma ba ta tsatsa. Ki ja ƙofa saboda kaji. Da iskar hunturu kafin la'asar ya bushe, da damina kuwa sai ya kwana biyu. Kada ki cire ƙaya ɗaya sai ya bushe ƙarau.

Wannan ya isa ga auduga da ulu na gaske, sai dai duk wanki sai an sake miƙewa. Roba kuwa ruwa kaɗai ba ya lanƙwasa ta, tururi take so. Bayan kin kafe shi, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ki riƙe dutsen guga ya ɗan taɓa ƙyallen kawai, nauyinsa yana hannunki, tururin ya ratsa. Da zarar ta sha zafi ta saki, ta saki ke nan har abada, ba ta komawa, wanda alheri ne in kin yi daidai. Ni na koyi wannan da tsada. Wani mayafi ruwan hoda da aka ba ni aikinsa na kayan aure, saura kwana uku ɗaurin aure, na hura dutsen gawayi ya yi jajir, aka yi sallama na waiga, na sake masa nauyi. Da na ɗaga, shatin dutsen yana nan a tsakiyar bayan, wurin ya yi ƙyalli ya bushe kamar leda. Kuɗin zaren na biya, kunyar kuwa har yau in na haɗu da uwar amaryar a wurin suna sai na ji ta. Ki fara gwada zafin a kan ɗan gwajin nan da kika saƙa tun farko, dalilin ajiye shi ke nan.

Abu biyu da ba ki tambaya ba amma na san za su zo. Maƙwabta za su gani su ce a yi wa jariri irinsa. Kada ki yi masa mai manyan ramuka, yatsun jinjiri suna shiga su maƙale, zare ya shaƙe su. Na jariri a matse ake yinsa, adon ya tsaya a can bakin. Kuma wannan ba ya maye gurbin hijabi ko gyale, ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa, a kan hijabi ake yafa shi ko a cikin gida.

Na biyu, za a ce ki yi na sayarwa. Ki yi lissafi kafin ki amsa. Jikin mayafi mai ido 400 ya haura soka dubu arba'in, bakin ya haura dubu biyar. In kina yin 25 a minti ɗaya, wanda sauri ne mai kyau, kin haura awa 30. Mace mai girki da yara da surfe, in ta samu awa biyu a rana ta gode Allah, kin ga fiye da sati biyu ke nan. A ƙauye da wuya ki samu mai biyan wannan, za a kwatanta miki shi da gyalen kanti ne. Masu biya suna birni, kuma ta waya suke gani, don haka in za ki ɗauki hoto ki rataya shi inda haske zai ratso ta bayansa. Amma na Inna ba ciniki ba ne. Ki fara da an gama girbin gero, ba a fafe gora ranar tafiya, kafin sanyin Disamba ya kankama yana kafaɗarta. Ki zaɓar mata kala mai ɗan duhu, shuɗi ko ruwan ƙasa, don fari ba ya jure ƙurar hunturu. Idan kin saƙa ɗan gwajin, ki ɗora shi a tafin hannunki ki turo mini hotonsa tare da adadin idon da kika samu a santimita 10, sai in faɗa miki a ido nawa za ki tsaya.